Aladu Marasa Kunne

Karnuka ne suka tona ramin. Mai yankan kwakwar manja ya ji wari a bayan ɗakin bauta, ya bi, ya tarar da ƙafafu a waje. Kafin rana ta yi zafi rabin mutanen Bukit Serai sun taru a gonar kwakwar, kowa da ƙyalle a hanci.

Aladu ne, manyan mata, an jibge su an yayyafa musu ƙasa sama-sama. Mutuwar alade ba labari ba ce a garin da aladu suka ninka mutane sau ɗari. Abin da ya sa kowa ya yi tsit shi ne babu ko ɗaya mai kunne. An yanke su tun daga tushe.

A wurinmu kunnen alade shi ne sunansa. Kowace gona da irin tsagar da take yi, har ƙaramin yaro yakan dubi kunne ya faɗa maka mai shi.

"Sutarno ne," wani ya ce. "Ɗan Indonesiyan nan da ya gudu daga gonar marigayi Loh."

"Ya gudu kuma ya dawo binne aladu? Kai ma dai."

"To wa kake nufi? Faɗi mana mu ji."

Lokacin ba a daɗe da Sabuwar Shekararmu ta gargajiya ta 1999 ba, kuma mun riga mun gaji da jana'iza. Namiji zai tashi da ciwon kai, washegari zazzaɓi, sai hannu ya fara fizga da kansa, sai barcin da ba a tashi. Yayana Wai Kit yana cikin waɗanda muka binne. An ce mana zazzaɓin ƙwaƙwalwa ne da sauro ke kawowa. Aka yi mana allura, aka yi ta feshi har shinkafa ta koma ɗanɗanon kananzir.

Kawu Teck, ƙanin mahaifiyata kuma shugaban ƙungiyar masu kiwo, wanda ake kira Tauke, wato maigida, ya ɗaga hannu. Shi ne ya biya kuɗin feshin daga aljihunsa, don haka idan ya yi magana ana saurara.

"A rufe ramin nan," ya ce. "Abin da ke kashe mu tashi sama yake yi, ba ya kwance a rami."

"Kada a taɓa komai tukuna, Tauke."

Wani dattijo ne baƙi siriri, Batamile, yana jingine tsohon babur ɗinsa da bishiya. Mista Maniam, jami'in dabbobi, wanda aka san shi da bin sawun masu fasa-ƙwaurin shanu a kan iyaka. Ko kallon aladun bai yi ba. Ya tsuguna kan shatin taya, ya auna da tafin hannunsa, ya bi shi a hankali kamar mai neman allurar da ta faɗi. Da ya ɗago sai idonsa ya faɗa kaina, ina laɓe bayan matan.

"Ke ce 'yar Gan, wadda ta yi jami'a?"

Na gyaɗa kai.

"Tsofaffinku ba sa jin Malayanci, harshen hukuma, idan ba su ga dama ba. Ina son mai fassara. Kina magana kuwa?"

"Ina yi," na ce, amma ban tabbata ya ji ba.

A hanya ya gaya min abin da ya kawo shi. Masu bincike a birni sun duba ruwan ƙashin bayan waɗanda suka mutu, sun ga wata ƙwayar cuta da ba su taɓa gani ba, ba ta sauro ba. Suna zargin daga alade take. Manya ba su yarda ba tukuna. Irin wannan ciwo ya ɓulla bara a arewa, wajen Ipoh, aka hana fitar da aladu daga can.

"Idan na nuna cewa aladun arewa sun shigo garin nan, kuma ciwon ya bi gidajen da suka shiga, dole a saurara," ya ce. "Wanda ya yanke kunnuwan nan ya san haka."

Na tarar da Baba a cikin garke da yamma. Aladunmu suna wani irin tari mai ƙarfi, kamar haushin kare, har daga titi ana ji. Ya rungume kan wata uwa yana share mata majina da tafin hannunsa.

"Baba, ka sa safar hannu mana."

"Alade ba ya son roba."

"To ka bari su kwana biyu, kada ka shiga. Mista Maniam ya ce..."

"Mista Maniam zai zo ya ba su abinci?" Ya naɗe hannun riga ya nuna min dantsensa. "Allura biyu aka yi min, Yoke Lan."

"Wai Kit ma biyu aka yi masa."

Ya goge hannunsa a wando.

"Kakanki da hannu ya yi aikin nan, aladun nan kuma su suka kai ki jami'a," ya ce. "Ranar da wani ya nuna min da idona cewa alade ne ya kashe ɗana, zan cire takalmin nan. Kafin nan kada ki ƙara yi min maganar."

Na shiga gida na kunna turaren tsinke a teburin kakanni. Hoton Mama, sai na Wai Kit da bai ko yi ƙura ba, sai ƙaton lemon Sabuwar Shekara mai kaurin ɓawo, ganyensa ya bushe a jikin reshe. Ina jin tarin aladun ta bango, ina sauraron ko na Baba zai shiga ciki.

Washegari ni da Mista Maniam muka ɗauki shatin tayar. Ya bi ta bayan gari, ya tsallaka gada zuwa ƙauyen Malayawa, sannan ya juyo. Taya ɗaya ta baya ta suɗe a gefe, Mista Maniam kuwa yana ganinta ko a kan tsakuwa.

Pak Samad, mai kiran sallar ƙauyen, yana zaune a baranda yana marin ƙafarsa.

"Lori shuɗiya, da sassafe," ya ce. "Ban ga direba ba, wari ne ya sa na rufe taga."

"Pak, mutum nawa suka kwanta ciwo a nan?"

"Matata tana ciwon gwiwa."

"Zazzaɓin nan nake nufi."

"Ko ɗaya." Ya buɗe tafinsa ya nuna mana sauro a murtsuke cikin jini. "Wannan daga ƙetarenku ya zo, ina kallonsa. Ban ji ya tambaye ni addinina ba kafin ya cije ni."

Mista Maniam ya yi dariya ta hanci. Ni kuwa na tuna da garinmu. Babu yaro ko ɗaya da ya mutu, babu tsohuwa. Sai maza masu shiga garke.

Sutarno yana bayan gidan Pak Samad, yana sharar ganye. Da ya ga rigar hukuma sai tsintsiya ta faɗi daga hannunsa. Ko keke bai iya ba, balle lori. Ya gudu ne ranar da wanda suke kwana ɗaki ɗaya ya daina gane shi.

"Sababbin aladu sun zo kafin Sabuwar Shekara," ya ce. "Da tarinsu suka zo, Tuan, ranka ya daɗe. Tauke Loh ya ce arha ya samu."

"Daga wa?"

"Mu ba a gaya mana. Sauke kawai ake cewa."

Lori shuɗiya ɗaya ce a Bukit Serai, ta Ah Fook. Mun same ta a ƙofar gidansa, tayar baya a suɗe, an wanke bayanta tas. Matarsa, Anti Kim, ta fito da ludayi a hannu.

"Ah Fook kuke nema? Ku je asibiti, gado na bakin taga. Idan ya amsa muku ku gaishe min da shi, ni tun makon jiya bai san ni ba."

"To wa ya tuƙa motar, Anti?"

"Makulli yana ciki, kullum a ciki yake. Garin nan kowa ɗan'uwa ne idan aron mota ne."

"Ya je arewa kafin Sabuwar Shekara?"

Na fassara. Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Ke, 'yar Gan, da ma abin da aka koya miki a jami'ar ke nan? Ki kawo hukuma gidan wanda ya goya ki a kafaɗa? Melaka, can kudu, ya ce min ya je. Gaya wa baƙon naki."

Na kawar da ido daga fuskarta zuwa cikin falo, kan teburin kakanni. Turare, kofunan shayi, ƙaton lemo da busasshen ganye a reshensa.

Haka muka yi ta bin gidajen makoki. Ba wanda ya sayi alade. Ba wanda ya ga an sayi alade. Kowa ya san idan aka ce alade ne, sojoji za su zo su harbe su duka, na mai laifi da na marar laifi, kuma garin ya ƙare. Wata gwauruwa ta ba mu shayi ta yi ta ba mu labarin kwata da sauro. Wani tsoho ya kurmance nan take.

Tun ina ƙarama ban iya kallon mutane a ido ba. A kowane falo nakan nemi abin da zan ajiye idona a kai, kuma a gidajenmu teburin kakanni ne ke fuskantar ƙofa. Sai a gida na biyar ko na shida na gane cewa abu ɗaya nake ta kallo.

Mun zauna a shagon kofi, Mista Maniam yana juya cokali a kofin da ya riga ya huce.

"Shatin ya ƙare a ƙofar mutumin da ba zai farka ba," ya ce. "Bakuna kuma a ɗinke. Gobe zan koma in ce ban samu komai ba."

"Mista Maniam." Na ɗago kai. "Lemon."

"Wane lemo?"

Na ja shi zuwa rumfar mai sayar da kayan marmari a tsallaken titi. Na tambayi matar ko tana da mai ganye.

"Mai ganye? Sai dai ki je Ipoh ki yanko da kanki, 'yar nan. Nawa kafin su bi ta hannun dillalai su iso nan sun zama sanƙo kamar mijina."

Na yi masa bayani a hankali, ina kallon takalmina. Kowane gida yana ajiye lemo a teburin kakanni lokacin Sabuwar Shekara. Gidajen da ba a yi ciwo ba, lemonsu na kasuwa ne, ba ganye. Gidajen makoki kuwa, duk wanda muka shiga, lemonsu yana da reshe da ganye. Kuma a al'adarmu, wanda ya sayar maka da dabba dab da Sabuwar Shekara ba ya tafiya haka nan. Yakan ajiye kyauta a gaban kakanninka don kayan su yi albarka.

"Wato mai sayarwar ya cika lori da aladu a arewa, ya tsaya a lambu ya yanko lemo na kyauta," Mista Maniam ya ce. "Me ya sa bai kwashe lemukan ba, shi da ya tuna da kunnuwa?"

"Ba a ɗauke abin da aka riga aka ba kakanni. Ko ya tuna, ba zai iya shiga gidan mutum ya miƙa hannu kan teburin ba."



"A gidanku akwai?"

"Akwai."

"Kin san wanda ya kawo?"

Ni ce na buɗe masa ƙofa ranar. Ni ce na karɓa da hannu biyu, na ce na gode.

"Na sani," na ce.

Washegari da rana ƙungiya ta kira taro a zauren ɗakin bauta, don shirya wani feshin. Kusan kowa ya zo. Matan da suka rasa mazaje suna gefe guda cikin fararen kaya, Anti Kim a kusa da su. Baba ya zo kai tsaye daga garke da takalminsa na roba. Kawu Teck yana kan tebur a gaba, da butar shayi a kusa da shi.

Kafin in fito daga gida na kunna turare, na roƙi Mama da Wai Kit gafara, na ɗauke lemon na sa a jaka.

Mista Maniam ya nemi izini ya yi magana. Ya faɗi batun ƙauyen Pak Samad, da yaran da ba su kamu ba, da sabuwar ƙwayar cutar da aka gani a birni. Zauren ya ɗauki gunaguni.

"Tuan, muna girmama ka," Kawu Teck ya ce. "Amma ka zagaye garin nan kaf, ka samu alade ɗaya na arewa? Ka zo ne ka sa a harbe abincin 'ya'yanmu saboda wani ladani ya kashe sauro?"

Aka yi dariya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na isa gaba. Na fito da lemon na ajiye kusa da butar shayin.

"Wannan daga teburinmu yake," na ce.

"Ɗaga murya, 'yar jami'a, ba ma ji!"

"Daga teburinmu yake. Daga gaban hoton Wai Kit." Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. "Yana da ganye. Ba a sayar da mai ganye a garin nan. Duk wadda ke da irinsa a gida, ta tuna wanda ya kawo mata, ta tuna abin da aka sauke a garkenta a makon."

Babu wanda ya yi dariya. Na ga matan suna duban juna. Gwauruwar Loh ce ta fara tashi, ta fita. Gidanta yana kusa. Ta dawo riƙe da nata a ƙirji kamar jariri, ta ajiye kusa da nawa. Wata ta bi bayanta. Anti Kim ta tsaya a inda take, idonta a kan tebur.

"Melaka," ta ce. "Teck, kai ka tsaya a falona ka ce Melaka kuka je."

"Lemo ne kawai, jama'a," Kawu ya ce. "Kyauta ta zama laifi?"

"A ina ka yanko shi, Tauke?" Mista Maniam ya tambaya.

Kawu ya juyo gare ni, fuskarsa irin ta Mama sak.

"Lan, ni ne fa. Wa ya kai ki tasha ranar da za ki tafi jami'a?"

"Kai ne, Kawu."

Baba ne ya yi magana daga baya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ka ce min na abokinka ne a Melaka, zai bar kiwo."

"Tari ne kawai, Yaya." Kawu ya zauna. "Mutumin can arewa yana ta rabarwa a rabin kuɗi kafin hukuma ta zo. Na duba su da kaina, lafiyayyu, sai ɗan tari. Da na so ai da na riƙe duka. Na ce a'a, bari 'yan'uwa su samu. Waɗanda na fi so na ba." Ya dubi lemukan da ke jere. "Waɗanda na fi so."

"Na ramin fa?"

"Nawa ne. Sun mutu, na ji kana tafe, tsagar arewa tana kunnensu. Na gidajen sauran kuma na san ba wanda zai bari ka shiga garkensa." Ya share goshi. "Amma an ce sauro ne. A rediyo aka faɗa. Ni ma ina so ya zama sauro, kun gane? Wai Kit ne ya kama min su muka sauke."

Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayi. Hannun ya fizga. Shayi ya zuba a kan tebur, ya gangara ƙarƙashin lemukan. Ya kama hannun da ɗaya hannun, ya sake fizgawa. Kowa a zauren ya taɓa ganin irin wannan fizgar a gidansa ko gidan maƙwabci.

"Tun yaushe kake ciwon kai, Tauke?" Mista Maniam ya ce a hankali.

"Tun shekaranjiya."

Waɗanda suka miƙe da niyyar dukansa ne suka riƙe shi zuwa mota. Mista Maniam ya hau babur ɗinsa ya nufi inda zai buga waya, yana cewa kada kowa ya shiga garke har sai ya dawo da mutanensa.

Na fito na tarar da Baba zaune a matakalar ɗakin bautar. Ya cire takalmin roba ɗaya, ya cire ɗayan, ya jera su a gefe. Ya taka gida da ƙafa tsirara, ina bin sa a baya. Bai kalle ni ba.

Da la'asar ta yi sanyi aladu suka fara kuka. Sun san lokacin abinci. Suna tari, suna dukan ƙofofin ƙarfe da hanci, na gidanmu da na maƙwabta, har garin ya ɗauka gaba ɗaya. Baba yana kan benci a ƙofar gida, ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Na zauna kusa da shi, ta ɓangaren da hanyar garke take.

"Yunwa suke ji," ya ce.

"Na sani, Baba."

"Mai tabon nan tana dab da haihuwa."

"Na sani."

Ya ɗan yunƙura. Na ɗora hannuna a kan gwiwarsa, abin da ban taɓa yi ba tun da na girma. Ya dubi hannun. Ya koma ya zauna.